Daga gidan waya zuwa ƙauyen zamani: ina tsarin sadarwar ƙasarmu ya kwana?

Ƙasarmu Nijar ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, murabba'in kilomita 1.267.000 gare ta. Wanda ya tashi daga Yamai za shi Difa, sai ya ci fiye da kilomita 1.300 kafin ya sauka. Cikin mutum 10 na ƴan ƙasa, wajen 8 a karkara suke zaune, waɗansu cikin ƙauyuka, waɗansu a rugage da tungaye. Ga shi kuma ba mu da bakin teku. Ƙasa irin wannan babu abin da ke ci mata dukiya da lokaci kamar nisa.

Domin haka ne tun samun mulkin kai a 1960, babu gwamnatin da ta zo ba ta taɓa maganar sadarwa ba. Abin da a yau ake kira fasahar labarai da sadarwa, watau tarho da rediyo da talabijin da kwamfuta da intanet, an sha tsara masa takardu, an kafa masa ma'aikatu, an ciwo masa bashi. Ya kamata masu karatu su san abin da waɗannan tsare-tsare suka ƙunsa, da abin da suka haifar, da inda suka tsaya, domin kuɗin ƙasa ne aka zuba, kuma da sunan talakan ƙauye aka zuba su.

Mafarin al'amari

An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, shi ne wanda aka sa wa suna Muryar Sahel a 1974. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Mutanen gari su taru da dare su saurari shiri a kan noma ko kiwon lafiya, su yi muhawara, mai kula da kulob ya ɗauki maganarsu a faifai ya aika Yamai, a sa ta cikin shiri na gaba da Hausa ko da Zabarmanci. Wannan dabara ta yi suna har a ƙasashen waje, saboda manomi ya zama mai magana, bayan da can saurare kaɗai yake yi.

A 1964 aka soma gwajin koyar da yara ta talabijin tare da taimakon Faransa. Waɗansu daga cikin akwatunan da aka kai lakwal-lakwal na karkara da hasken rana suke aiki, a zamanin da Farfesa Abdu Mumuni Jofo ke jagorancin ma'aikatar binciken makamashin rana a Yamai. Baƙi sun yi ta zuwa kallo. Amma azuzuwan da abin ya kai gare su kaɗan ne, da Faransanci ake darasi, kuma kuɗin da masanan yawancinsu daga waje suke. Da aka buɗe talabijin ta ƙasa, Tele Sahel, a 1979, gwajin ya riga ya zo ƙarshe. Tun daga nan ya kamata a gane cewa gwaji daban, game ƙasa daban.

Shi kuwa tarho yana hannun ma'aikatar gidan waya, OPT, tare da kamfanin STIN mai kula da kiran ƙasashen waje, wanda ke bi ta tashar tauraron ɗan Adam ta Karma. Har zuwa shekarar 2000, layukan tarho na ƙasa duka ba su wuce wajen dubu 20 ba, alhali jama'a sun haura miliyan 10, kuma yawancin layukan a Yamai suke. Ɗan ci-rani da ke Abijan ko Legas, in yana son gida su ji labarinsa, sai ya ba direba wasiƙa ko kaset.

Lokacin da aka saki kasuwa

A 1997 aka raba aikin wasiƙa da na tarho, aka kafa kamfanin SONITEL. A cikin waɗannan shekaru ne intanet ta iso Yamai. A watan Oktoba na 1999 aka yi dokar da ta buɗe wa ƴan kasuwa ƙofar shiga harkar, aka kuma kafa hukumar da za ta riƙa sa musu ido, wadda bayan canje-canje ta zama ARCEP a 2018.

Kamfanin Celtel ya soma aikin salula a 2001. Shi ne ya koma Zain, daga baya Airtel. Telecel ya biyo baya, shi ne Moov. Orange ya shigo a 2008, ya sayar da hannunsa a 2019, kamfanin ya koma Zamani. Cikin shekara 20 kacal, layukan salula suka wuce miliyan 10. Babu wani aikin raya ƙasa da ya game gari da ƙauye da irin wannan sauri.

Amfanin kuwa an auna shi. Wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta tarar cewa inda salula ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake: ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota ya je ya ji kuɗin tiyar gero, yanzu kira ɗaya ya ishe shi, sai ya kai kaya inda ake bukata.

Kamfanin gwamnati kuwa bai ji da daɗi ba. A watan Disamba na 2001 aka sayar da kashi 51 cikin 100 na SONITEL ga haɗin gwiwar kamfanin ZTE na ƙasar Sin da LAAICO na Libiya. A 2009 gwamnati ta karɓe shi, bisa hujjar cewa ba a cika alkawuran da aka ɗauka ba. A 2012 majalisar dokoki ta maido shi hannun ƙasa gaba ɗaya, a 2016 kuma aka haɗa shi da reshensa na salula, SahelCom, suka zama Niger Telecom. Shekaru kusan 15 ke nan kamfanin da ya kamata ya shimfiɗa manyan hanyoyin waya yana fama da kansa.

Tsarin NICI

Babban tsari na farko da ya tattara al'amarin wuri ɗaya shi ne wanda ake kira NICI. Asalinsa daga Adis Ababa ne, inda a 1996 hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga kowace ƙasa ta rubuta nata tsari. Duniya kuma ta yi babban taro a kan wannan batu a Janeba a 2003, da Tunis a 2005. Nijar ta amince da nata a 2004, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka kafa babbar hukuma ƙarƙashin ofishin firaminista domin ta bi aikin.

Ginshiƙai 6 aka kafa tsarin a kansu: shimfiɗa kayan aiki, amfani da fasahar wajen yaƙi da talauci, gyaran dokoki, samar da abin karantawa da na saurare, musamman a fannin ilimi da lafiya, horar da ma'aikata, sai kuma tafiyar da aikin gwamnati ta kwamfuta. Duk wanda ya dubi waɗannan ginshiƙai ya san waɗanda suka rubuta su sun hangi nesa. Amma ginshiƙan ba su tashi tare ba. Na dokoki ya yi gaba, domin doka ba ta cin kuɗi da yawa: an samu dokar kare bayanan mutane a 2017, da sabuwar dokar sadarwa a 2018, da ta hukunta laifuffukan intanet a 2019. Na kayan aiki ya biyo baya sannu a hankali. Na abin karantawa cikin harsunan ƙasa shi ne aka bari a baya.

Hanyar da ke ƙarƙashin ƙasa

Mai riƙe da salula yana ganin kamar maganarsa ta iska take bi har ta isa. Ta iska take zuwa dogon ƙarfen da ke kusa da shi, amma daga nan mafi yawan saƙonni ta waya suke bi. Wayar zamani zaren gilashi ce, siririya kamar gashin kai, haske ke gudu cikinta ɗauke da magana da rubutu da hoto. Ana bizne ta a gefen hanyar mota. Tsakanin nahiya da nahiya kuwa, ƙarƙashin teku ake shimfiɗa ta.

A nan rashin teku ya sake kama mu. Hanyarmu ta farko ta bi ta Doso da Gaya zuwa Kwatano, inda wayar teku mai suna SAT-3 ta sauka. A watan Yuli na 2009 wannan waya ta lalace, intanet ta tsaya cik a Togo da Nijar, ta kuma raunana a Binin da Najeriya. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku 4 suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahala. Mai ɗaki ɗaya ba ya faɗa da gobara, haka ma ƙasa mai ƙofa ɗaya.

Maganin da aka tsara shi ne yawaita ƙofofi. Bayan babbar wayar cikin gida da aka shimfiɗa da bashin ƙasar Sin domin haɗa manyan biranen jahohi, a ƙarshen 2016 Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin aikin wayar ƙetare Sahara. Rabon Nijar ya kai kilomita 1.031, kashi 5: daga Arlit ta Asamaka zuwa iyakar Aljeriya, daga Difa ta Gigimi zuwa iyakar Cadi, daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Najeriya, daga Yamai ta Doso da Gaya zuwa iyakar Binin, daga Yamai ta Makalondi zuwa iyakar Burkina Faso. Aikin ya haɗa da gina rumbun ajiyar bayanai na ƙasa a Yamai, domin takardun gwamnati su zauna a gida. Wata ƙofar kuma ta sama ce: a 2025 kamfanin Starlink ya soma ba da intanet ta tauraron ɗan Adam a Nijar, bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2024. Yana kaiwa inda waya ba ta kai ba, sai dai kuɗin kayansa ya fi ƙarfin talaka shi kaɗai.

Nijar 2.0 da ƙauyukan zamani

A 2017, zamanin shugaba Isufu Mahamadu, aka kafa hukumar ANSI a madadin babbar hukumar da, aka ɗora Ibrahima Gimba Saidu a kanta, aka fito da sabon tsari mai suna Nijar 2.0. Rassansa 4 ne: aikin gwamnati ta kwamfuta, ƙauyukan zamani, birnin ƙirƙire-ƙirƙire a Sadore, kudu da Yamai, da wayar da kan jama'a a kan fasahar.

Reshen ƙauyukan zamani shi ya fi shafar masu karatunmu. Nufinsa shi ne a kai rezo ga ƙauyuka wajen dubu 15 na ƙasa, kuma in an kai, ya zama likita da lakwal da malamin gona da mai aika kuɗi duk sun amfana da turke ɗaya. A watan Yuli na 2020 Bankin Duniya ya ba da dalar Amurka miliyan 100 domin kashi na farko, wanda ya shafi sama da ƙauye 2.000. Hikimar ita ce, kamfani ba ya kafa turke inda ba ya ganin riba, saboda haka sai gwamnati ta ɗauki wani kaso na kuɗin ginin, kamfani ya ɗauki saura.

Aikin ya gamu da cikas iri biyu. Na ɗaya, rashin tsaro: a waɗansu yankunan Tilaberi da Difa ƴan bindiga sun sha lalata turakun sadarwa. Na biyu, dogaro da aljihun wani: bayan canjin mulki na 26 ga Yuli 2023, masu ba da lamuni sun dakatar da sakin kuɗi na watanni. Kowa ya san wanda ya hau dokin aro, inda mai doki ya ce a nan zai sauka.

Murhu da duwatsu uku

Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Waya da turke dutse ɗaya ne. Saura biyu su ne wuta da karatu, kuma nan ne tsare-tsarenmu suka fi rauni.

Wutar lantarki, wadda muke ce wa kuran, wajen mutum 1 cikin 5 kaɗai take kaiwa a ƙasa, a karkara kuwa abin bai kai haka ba ko kusa. Mutumin ƙauye yakan ba da salularsa ranar kasuwa a sa mata wuta, ya biya, sa'an nan ya riƙa kashe ta domin ta kai shi mako. Ko birane sun ɗanɗana a watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana, ba a maido ta ba sai a Maris 2024. Amma Allah ya hore mana rana. Rediyon karkara na Bankilare, wanda aka buɗe a 1999, da hasken rana ya soma aiki, tashoshin Malbaza da Gorubanda su ma sun nuna hanya. Duk turken da za a kafa a ƙauye, kamata ya yi a kafa shi tare da faifan rana da jama'a za su sa wa wayoyinsu wuta.

Dutse na uku shi ne karatu. Har yanzu cikin manya 3 na ƙasarmu, wajen 2 ba su iya karatu da rubutu na boko ba, mata kuma su suka fi yawa a ciki. Wanda bai iya karatu ba yana iya kira, yana iya aika saƙon murya. Amma in saƙon kuɗi ya shigo, sai ya miƙa wa wani ya duba masa. In zai cire kuɗi, sai ya faɗa wa wani lambarsa ta asiri. In mazambaci ya aiko da ƙarya, ba shi da hanyar tantancewa. In kuma gwamnati ta maida neman takardar haihuwa ko rajistar jarrabawa cikin kwamfuta, shi an ƙara masa shamaki ke nan, sai ya nemi ɗan tsakani ya biya shi.

An kuwa gwada maganin a nan gida. A 2009 da 2010, cikin ƙauyuka fiye da 100 na jahohin Doso da Damagaram, ƙungiyar CRS tare da masu bincike na jami'o'in Tufts da Oxford sun gudanar da wani shiri mai suna ABC. An buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci da Hausa da Zabarmanci. A rabin ƙauyukan an ƙara darasin salula: yadda ake gane lambobi da baƙaƙe a jikinta, da yadda ake rubuta gajeren saƙo, mutum 5 suna tarayya a waya ɗaya. Da aka yi jarrabawa, ɗaliban da suka koyi salula sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Sirrin abin shi ne, babbar cutar yaƙi da jahilci mantuwa ce. Mutum ya yi wata 4 yana koyo, damina ta faɗi, ya koma gona, ba abin karantawa, baƙaƙe su gudu. Mai salula kuwa kullum yana da dalilin karatu, domin rubutaccen saƙo ya fi kira araha. Ashe karatu yana taimakon waya, waya kuma tana riƙe karatu.

Maganar harshe

Sai dai mai karatu yana bukatar abin da zai karanta cikin harshen da yake ji. Tun 1963 ma'aikatar yaƙi da jahilci take koyar da manya cikin harsunan ƙasa, ta kuma fitar da jaridun karkara irin su Sabon Ra'ayi da Ganga. A 1999 gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da ta sauran harsuna. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, duk suna cikin kwamfuta da salula, sai dai a koya wa mutane inda za su same su.

Duk da haka, yawancin saƙonnin da ke shigowa wayoyinmu, da umarnin aika kuɗi, da takardun ofis, da Faransanci suke zuwa. Wanda ya sha wahala ya ci jarrabawar yaƙi da jahilci, in ya buɗe wayarsa sai ya tarar da harshen da ba a koya masa ba. Wannan ginshiƙi ne da tsarin NICI ya ambata tun 2004, kuma ba ya bukatar bashin miliyar da yawa. Yana bukatar doka da masu fassara da niyya.

Abin da ya rage

Ga ma'aikata da shugabanni, ga abubuwa 4 da ya kamata duk wani sabon tsari ya ƙunsa. Na farko, ma'aikatar sadarwa da ta makamashi da ta yaƙi da jahilci su zauna tebur ɗaya tun ranar da za a fara rubutu, domin ƙauyen da aka kai wa turke a kai masa faifan rana da aji a shekara ɗaya. Na biyu, a wajabta wa kamfanoni da ofisoshi su fitar da saƙonninsu cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci da sauran harsunanmu, a rubuce da kuma ta murya. Na uku, asusun da kamfanonin waya ke zuba wa kuɗi domin kai sadarwa karkara, a riƙa bayyana wa jama'a kowace shekara abin da ya shiga da ƙauyukan da aka yi wa aiki, tun da shi ne kuɗin gida da ba ya jiran izinin kowa. Na huɗu, samarin da ke fitowa daga jami'ar Doso, wadda aka kafa a 2014 aka ba ta fannin fasahar zamani, da masu ƙananan kamfanoni irin waɗanda cibiyar CIPMEN ke reno a Yamai, a ba su aikin gwamnati su yi, kada kullum a ɗauko na waje.

A wajen auna nasara kuma, kilomitar waya da yawan layuka ba su isa ba. A ƙidaya mata nawa ne suka karanta saƙon kuɗinsu da kansu, da manoma nawa suka ji farashi ko labarin ruwan sama cikin harshensu, da ɗakunan likita nawa na karkara suka aika rahoto ba tare da an hau babur ba.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, alƙalami na biyu yana cikin aljihunku. Ku riƙa rubuta saƙo da Hausa ko da kuna iya aikawa da murya, domin hannu ya saba. Ku koya wa matanku da ƴaƴanku mata lambobi da baƙaƙe a jikin waya. Kada ku ba kowa lambarku ta asiri, ko da ya ce daga kamfani yake. In an yi taron gari da magajin gari ko wakilin gwamnati, ku tambaya yaushe za a kawo rezo, ku kuma tambaya yaushe za a sake buɗe aji. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya sa ilimi ya game birni da ƙauye.